Ramin da Na Haƙa a Zauren Surukina

Markar bana ce ta tono mini zancen nan. Kwana huɗu sama ba ta buɗe ba a Batsari, shanya ta ƙi bushewa, gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana sai ka ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. In ruwan ya ɗan tsagaita kuma sai wani zafi mai danƙo ya taso daga ƙasa, zani ya manne wa mutum a jiki. Ni kuwa ba ma shiri da zafi tun ina yarinya. Shi ya sa na gano hanyar ɗakin aikin Sakina, matar autana Nura, don nan ne kaɗai fanka ke juyawa ko an ɗauke wuta, da yake da hasken rana take aiki, batirinta kuma yana da riƙo.

Ɗakin nan da can buhunan dawa muke jibgewa a ciki. Nura ya kwashe su, ya yi fenti, ya faɗaɗa taga ya sa mata raga saboda sauro. Kusan wata guda suka yi shi da matarsa suna gwaje-gwaje kamar masu ɗinkin riga. Tebur sai ya zo daidai gwiwar hannunta. Kwamfuta aka ɗora a kan wani ɗan akwatin katako don fuskarta ta zo daidai ido, kada wuya ya sunkuya. Aka sayo kujera mai juyawa, mai wani ɗan hannu a gefe da in ka ja ta tashi, in ka sake ja ta sauka. Aka sa ɗan benci na ɗora ƙafa, ga gorar ruwa kusa da hannu, ga waya da ke kuka duk bayan rabin awa wai a tashi a miƙe. Aikinta fassara ce. Wani kamfani da ba ta taɓa ganin ƙofarsa ba ke aiko mata da bayanan noma da na kiwon lafiya da Turanci, ita kuma ta mayar da su Hausa. Cikinta ya shiga wata bakwai, kuma likita ne ya ce a gyara mata zama tun da ta fara kukan baya.

Ranar farko na shiga da 'yar tabarmata da carbi, na shimfiɗa a gindin fanka. Ban gama zama ba Sakina ta zame daga kujerar nan, ta sauko da kwamfutar, ta ɗora a cinya, ta zauna a ƙasa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har na ba maƙwabciyata labari cewa 'yar garin Safana ce, gidansu an san manya, boko bai ɓata ta ba. Kwana uku ina shan iska ina yabon tarbiyya. A rana ta huɗu, ina cikin jan carbi, ta ɗan gyara zama, sai wani ɗan nishi ya kuɓuce mata, ta yi sauri ta haɗiye shi. Carbin ya tsaya a hannuna. Na san nishin nan, na taɓa zama da shi wata biyu cur a gida ɗaya.

Shekarata biyu ke nan a ɗaki lokacin, a ƙauyen Karare. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana Malam, da mahaifinsa da kowa ke kira Baba Tsoho, sai Yaya Ladi, yayar Malam, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Yaya Ladi ita ce bakin gidan. Malam magana ɗaya yake yi a wuni in an matsa masa, ni kuma amarya ce mai kunyar suruki, ko inuwar Baba Tsoho na hango sai in koma ɗaki. Ita kuwa har shi tsohon takan tsokana.

Akwai wani littafi a gidan da kakan Baba Tsoho ya rubuta da hannunsa, da ajami. A ciki akwai lissafin taurarin damina da lokutan shuka, da magungunan mutane da na dabbobi, da sunayen iyaye da kakanni tun zuwansu wurin. A gafaka yake, rataye a bangon zaure. Da aka sauko da shi a bazarar shekarar, sai aka tarar gara ta shiga ta yi ɓarna, wasu takardun gefensu ya tafi, wasu tsakiyarsu. Rubutun ga shi ƙanana, na mutanen da, ba mai iya karanta shi sai Baba Tsoho, kuma shi kaɗai ya san abin da ke wuraren da gara ta cinye. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya kira ɗansa ya ce: “Ka nemo takarda da tawada. Ni in karanta, kai ka rubuta, kahin idon nan shi ida tahiya.” In idon ya riga su, littafin ya tafi ke nan, duk gidan mun san haka.

Ba a yi sati biyu da farawa ba aka kira gayyar ɗora jinka a rumbun maƙwabcinmu. Malam ya sa kafaɗa tare da maza, aka ɗaga, sai wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. A kan ƙyaure aka kawo mini shi. Wanzami ya yi ƙaho, maɗori ya murza, aka shafa man shanu da kanwa, duk dai sauƙin kwana ɗaya ne. Da ya samu ya fara takawa, yayana da ke koyarwa a firamare ya goya shi a keke zuwa asibitin Batsari. Malamin asibitin ya ba shi ƙwayoyi, amma ya ce maganin gaske a zama yake. Ya daina zaman ƙasa yana duƙawa a kan gwiwa. Ya zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, baya a jingine, takarda a ɗage kusa da ƙirji, kuma ya riƙa tashi yana 'yar tafiya. Washegari yayana ya ɗauro kujerarsa ta katako a bayan keke ya kawo mana.

Na share ta, na goge, na ce a kai zaure. Malam ya dube ni kamar na ce a kai jaki masallaci.

“In hau kujera Baba na zaune ƙasa? Kaina bisa nashi?”

“To ka faɗa mashi abin da likita ya ce mana.”

“In na faɗa mashi, cewa za ya yi in zauna. Kin ga na sa shi ya ba ni izinin in yi mashi rashin kunya da bakinshi.”

Daga nan ya hana mu ɗaga zancen. Kujera ta shiga ɗakina, na jera kwalla a kanta. Wata kazata ta ga wuri mai duhu ta fara ƙwai a ƙarƙashi. Iyakar amfanin da aka samu da ita ke nan a daminar, kuma ba ƙaramin amfani ba ne, don shekarar ƙwai ɗaya abin a raba wa mutum biyu ne.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba. Kafin a yi shuka mun riga mun fara jin ƙasan rumbu. Yaya Ladi ce ke shiga ɗebo hatsi, kullum in ta fito sai ta ce ta gaisa da ɓeraye, su ma suna shirin ƙaura. Tuwo ya koma sau ɗaya a wuni. Da safe kunun tsamiya ne wanda in ka leƙa ƙwarya sai ka ga fuskarka. Da rana kwaɗo. Allah ya yi wa tafasa albarka, ita ta riƙe mu, ita da rama da yaɗiya. Yaya Ladi ta fita da hantsi ta ciko zani, ni in tsince, in dafa, in matse, mu marmasa ɗan ƙuli-ƙuli a kai don dai a ce an sa. Har yau in na ji warin tafasa a wuta sai cikina ya yi ƙugi, ko da yanzu na tashi daga kan akushi.

Amma ba zan ce daminar baƙin ciki ba ce. Ruwa ya sauka da kyau, shuka ta fito ba gurbi. Mutanen gari suka yi wa Malam noman firi, wato na farko, ba tare da ya roƙa ba, suka dawo suka yi maimai. Na dama musu kunun nan nawa mai madubi, suka sha suna ta ba'a, wani ya ce a ba shi rariya ya nemo geron da ya ɓata a ciki. Da yamma in iska ta biyo ta gona, sai ka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗanyen ganye har tsakar gida. Yunwa muke ji, amma muna kallon abincinmu yana tsawo ta saman danga.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne zaure. Bangonsa ɗaya ne da madafata, komai nakan ji. Daga hantsi za su zauna, Baba Tsoho a buzunsa kusa da ƙofa, Malam a nasa can ciki, ya naɗe ƙafa, ya ɗora takarda a gwiwa, ya duƙa. Muryar tsohon ta karanto layi, alƙalami ya yi ƙarar tafiya, sai nishi. Wani ɗan gajeren nishi ne da ake dannewa da haƙori. Da farko sukan yi shafi huɗu kafin azahar. Suka koma biyu. Suka koma ɗaya da rabi. In ya shigo cikin gida sai ya dafa bango, ya kwanta rub da ciki a tabarma, ƙafarsa ta hagu ta mutu har yatsu. Baba Tsoho ya tambaye shi jikin, ya ce da sauƙi. Shi kuma ya tambayi tsohon idon, ya ce alhamdu lillahi. Ni ina bayan bango ina tsintar tafasa, haushin su biyun ya ishe ni, ga tsoro. Tsoron kada littafin ya tsaya a rabi, da wanda ya fi shi, kada in wayi gari da miji gurgu ina da shekara ashirin.

A bayan ɗakina akwai wani rami da aka haƙa aka ɗebi ƙasar yaɓe. Wata rana da azahar Malam ya je alwala wurin, ya daɗe bai dawo ba. Na leƙa, sai na gan shi zaune a bakin ramin, ya zura ƙafafu ciki, bayansa a miƙe, idonsa a lumshe, buta na gefe ko taɓa ta bai yi ba.

“Lahiya, Malam?”

“Nan ne kaɗai bayan nan ke ƙyale ni,” in ji shi.

Na tsaya ina kallonsa. Zaman kujera yake yi sak, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa a ƙasa, amma kuma a ƙasa yake zaune, kansa bai fi na kowa tsawo ba. Na koma madafa. Na kira Yaya Ladi na raɗa mata. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, ta ce: “Ke dai 'yar nan shiru-shirunki na mugunta ne. Zauren Baba za ki haƙa?” Na ce tare za mu haƙa.

Awo ne ya fara ba mu wuya, don ba na iya cewa Malam ya miƙo ƙafa in gwada. Sai da na bari ya yi barcin rana, na lallaɓa da karan dawa na auna daga gwiwarsa zuwa diddige, na karya daidai wurin. Ya motsa, na yi kamar ƙuda nake kore masa.

Ranar Juma'a muka zaɓa, don maza kan tafi masallaci tun hantsi, Baba Tsoho a kan jaki, ba sa dawowa sai bayan la'asar. Malam ma ranar ya lallaɓa ya bi su. Suna ɓacewa muka shiga da dagi da fartanya. Wannan ne karo na farko da na tsaya a zauren nan tun ranar da aka kawo ni. Daɓen ya yi tauri kamar dutse, sai da muka jiƙa shi. Ni ke sara, Yaya Ladi na kwashe ƙasa a ƙwarya tana kaiwa bayan gida, cikinmu ba komai sai kunu. Jiri ya ɗebe ni sau biyu. Muka haƙa daidai tsawon karan, faɗinsa yadda ƙafa biyu za su sake, taku ɗaya daga bango don ya samu jingina. Na kawo matashina na aure mai audugar rimi na jingina a bangon. Muka ɗora tubali bibbiyu hagu da dama, muka gitta murfin akwatina a kai, muka sa tsinken itace ta baya don ya ɗan karkato wajen ƙirji. Yaya Ladi ta shiga ta zauna ta gwada, ta ɗauki alƙalami tana kwaikwayon ƙanenta, har da ɗaure fuska.

Ita ce ta lura da duhun wurin. Ta ce in dai gyara ake, a gyara duka. Ta ɗauki dagi ta huda bangon ta hagu, sama kaɗan da kafaɗa, ta buɗe 'yar taga da ba ta fi faifai ba. Haske ya faɗo daidai kan murfin akwatin. Muka share, muka mayar da buzu bakin ramin, muka gudu cikin gida muka wanke ƙafa. Sai a lokacin tsoro ya kama ni sosai.

Na manne da bangon madafa da suka dawo. Na ji sandar Baba Tsoho tana ƙwanƙwasa daɓe, ƙwas, ƙwas, sai kuma shiru, ta faɗa wurin da ba ƙasa.

“Wa ya gina rijiya cikin zaurena?”

Yaya Ladi ta fita da saurinta. “Baba, ba rijiya ba ce. Ƙafar Malam ce ke zahi, aka ce sanyin ƙasa na yi mata magani.”

“Wa ya ce?”

“Mutane.”

Tsohon ya ce: “Mutane dai. To Allah shi ba da lahiya. Ku dai riƙa dubawa kada kunama ta rigaye shi shiga.”

Malam ya shigo ya zauna. Tuwonsa kawai ya ci, ya rage mini loma biyu a gefen akushi, alhali na san bai ƙoshi ba. Washegari na kasa kunne. Murya ta karanto, alƙalami ya tafi, murya ta sake karantowa. Na jira nishin nan har tafasata ta kusa ƙonewa, bai zo ba. Ranar shafi biyar suka yi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na taka rawa ni kaɗai, kaza na kallona daga ƙarƙashin kujera.

Saura tashi da miƙewa da malamin asibiti ya ce. Malam in ya sa kai a rubutu ko gobara ake ba ya ji, ni kuma ba ni da bakin kiransa gaban mahaifinsa. Sai muka shirya da shi: in ya ji na yi lugude sau uku a turmi, ya nemi uzuri ya tashi. Sau da yawa turmin ba komai a ciki, don babu abin dakawa, taɓarya kawai nake bugawa. Shi kuma ya ce zai duba akuya, ko zai sha ruwa, ya zagaya gida ya koma. Wata rana na ji Baba Tsoho na cewa: “Akuyar ga taka ta fi ɗan sarki gata.” Na toshe baki da zani.

Sai marka ta zo, irin ta bana. Kwana biyar ana zuba, katangar bayan gida ta zube, itace ya jiƙe, hayaƙi ya hana mu buɗe ido a madafa. Abin da ba mu yi tunani ba, ƙasa in ta ƙoshi takan yi tsattsafo. Da safe Malam ya zura ƙafa a raminsa ba tare da ya duba ba, ya ji ruwa har idon sawu, wani abu mai sanyi kuma ya yi tsalle ya hau masa ƙauri. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya yi wani salati da sai da maƙwabta suka leƙo. Kurtun tawada ya kife a kan rigarsa. Kwaɗi uku Yaya Ladi ta kwaso a ƙoƙo, tana tambayarsu ko sun zo ɗaukar karatu ne. Baba Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce ai tun farko shi ya ce rijiya ce. Da rana ta fito muka kwashe ruwan, muka zuba tsakuwa a ƙasan, muka yaɓe gefen, muka daɓe da makuba, muka sa wani guntun katako na ɗora ƙafa. Daga ranar duba rami ya shiga aikin safe, tsakanin shara da ɗora kunu.

Gero ya yi bununi, ya fara ido. Ranar da aka karyo tumun farko aka gasa, ita ce ranar da suka kai ƙarshen littafin. Ƙamshin tumu ya cika gidan, muna murzawa muna watsawa a baki da zafinsa, haƙora na aiki bayan dogon hutu. Yaya Ladi ta kai musu nasu zaure, ta tsaya. Ni ina wurina a bayan bango. Na ji tsohon ya karanto addu'ar rufewa, alƙalami ya tsaya. Sai Malam ya ce: “Baba, miƙo mani takardar in ga yadda kaka ya sa hannunshi, in kwaikwaya.”

Abin da ya faru Yaya Ladi ce ta ba ni daga baya. Malam ya karɓi takardar, ya ga ba ta ƙarshe ba ce, ta tsakiyar littafi ce, ta maganin ciwon shanu, kuma a juye tsohon yake riƙe da ita, ƙasa a sama. Duk watannin nan bai lura ba, don bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskar mahaifinsa ba in suna zaune, ita kuma Yaya Ladi ba ta karatu.

“Baba, tun yaushe?”

“Tun ranar da aka yi shuka,” in ji tsohon. “Haske nike gani da duhu, baƙi kam sun tahi. Da ka nike karanto maka. Na ce in na faɗa, za ka ƙara ma kanka sauri, ga bayanka ba lahiya.”

Na ji Malam na kuka, ban taɓa ji ba sai ranar. Yaya Ladi ma ta fara, amma ita kukanta ba ya nisa sai ya juye. Ta fyace hanci ta ce: “To Baba, tunda yau ranar tonon asiri ce, kai ma an ɓoye maka kujera.” Ta kwashe labari duka ta faɗa, malamin asibiti, da keke, da kazar da ke ƙwai, da karan awo, da luguden turmi.

“Ku kira mani ɗiyar nan,” in ji shi.

Na zo na durƙusa a bayan ƙyaure, na ja mayafi har hanci, ko da yake yanzu na san ba ganina zai yi ba.

“Ke kika gina?”

Na ce, “Ni ce, Baba. A gafarce ni.”

“Allah shi yi maki albarka, shi ba ki masu yi maki.” Ya juya wajen ɗansa. “Kai kuma, ko raƙumi ka hau cikin zauren ga, ina na ga idon ganinka? Da kun faɗa mani, ko jinkar rumbu ce sai in hau in zauna, kai ka hau kujerarka.” Aka yi dariya, har ni a bayan ƙyaure. Sai ya sassauta murya. “Wata biyu ina jin nishin ɗana, ina roƙon Allah shi ɗauke mashi abin da ke danne shi. Ashe ni ne zaune bisa bayanshi.”

Ya laluba ya ɗauki sabbin takardun, ya daidaita su a cinyarsa, ya kai hanci ya shinshina tawadar, ya daɗe a haka. Sannan ya ce a miƙo masa tumunsa kafin ya huce. Bayan kaka Malam ya zauna ya gwada sabon da abin da ya rage na tsohon, shafi da shafi, bai samu kalma ɗaya da ta kauce ba. Baba Tsoho ya ƙara shekara huɗu a duniya, kuma kafin sati ya zagayo sai da ya sa aka haƙa masa nasa ramin kusa da ƙofa, wai ba zai yarda a bar shi a baya ba. Littafin yana nan a gafakarsa, shi muka fara ɗauka da zaman ƙauye ya gagara muka dawo cikin gari. Zauren an ce rufinsa ya faɗa. Ina jin kwaɗi sun samu gidaje biyu.

Duk wannan ya wuce mini a ido ina zaune gindin fankar Sakina, carbi a hannu. Na dube ta, ga ciki a gaba, ga kwamfuta a kan gwiwa, ta duƙa, ga kujerar da aka yi wata ana gwadawa tana tsaye ba kowa. Kunya ta rufe ni. Ni da na haƙa zauren suruki, yau ni ce na yi kwana uku zaune a kan bayan 'yar mutane, har ina yabon kaina da sa'ar suruka.

Na duba ƙasan ɗakin, tayil ne, ba ya haƙuwa. Na san kuma in na ce ta hau kujera, za ta ce to, ta hau, ina juya baya ta zame. In na daina shigowa, ta ce fushi na yi. Na tashi na fita tsakar gida cikin yayyafi, na jawo kujerun roba da muke ajiye wa baƙi, na shigo da uku, na ɗora su a kan juna kusa da fanka. Hawan ya ba ni wuya, gwiwoyina ba na da ba ne, amma na hau. Ƙafafuna suka tsaya a iska suna lilo.

“Inna, za ki faɗi,” in ji Sakina, ta yunƙura.

“Ba inda za ni. Tashi ki hau kujerarki, na fi ki tsawo.”

Ta tsaya tana kallona, sannan ta hau a ɗarare. Na ga hannunta ya lallaɓa wajen ɗan hannun nan, ta ja, kujerar ta yi ƙasa can.

Na ce, “Mayar da ita inda likita ya ce, ko in sa a kawo ta huɗu.”

Dariya ta ƙwace mata har ta riƙe ciki. Ta ɗaga kujerar, ta mayar da kwamfuta kan akwatinta, ta jingina. Sannan ta turo mini ɗan bencin ƙafarta da yatsa, na ture mata abinta, muka daidaita a kan za a kawo mini bokiti in kife.

Ana haka Malam ya zo wucewa da butarsa, gemu fari fat, baya a miƙe kamar na saurayi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube ni a can sama, ya dubi Sakina.

“Halan jinkar ce aka samu,” in ji shi, ya wuce.

Sakina ta tambaye ni wace jinka, na ce ta yi aikinta, in wayarta ta yi kukan tashi zan ba ta labari muna zagaya tsakar gida. Ruwa ya ci gaba da sauka a kan kwano, fanka na juyawa, yatsunta na tafiya a kan kwamfuta. Na koma ga carbina, amma kunnena na wajenta. Har aka kira la'asar ban ji nishi ba.